Wa Bayajidda Ya Tarar a Daura?

Da wuya ka sami wanda ya zauna a ajin firamare a ƙasar Hausa bai haddace Hausa Bakwai da Banza Bakwai ba. Yara kan rera su kamar karatun allo: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. In ka tambayi ɗayansu asalin Hausawa, amsa tana bakinsa: wani ɗan sarkin Bagadaza ne ya zo Daura, ya kashe macijiya, ya auri sarauniya, shi ke nan aka sami Hausawa. Yaron nan zai girma, ya yi karatu mai zurfi, ya zama likita ko lauya, ya sake auna abubuwa da dama da aka koya masa yana ƙarami, amma wannan amsar tana nan a ajiye yadda aka ba shi ita. Bai ɗauke ta a matsayin ra'ayi ba, balle ya yi tunanin ana iya jayayya da ita. A wurinsa abu ne da ya sani, kamar yadda ya san rana daga gabas take fitowa.

A wannan sharhi ina so mu ɗauki labarin Bayajidda mu karanta shi kamar yadda muka saba karanta ƙagaggen labari a wannan zaure, wato mu dubi zubinsa da taurarinsa da sunayen da aka raɗa musu, mu kuma lura da inda ya yi shiru. Abin da nake gani shi ne, labari ne da gwanaye suka saƙa, kuma ko kusa bai ce Hausawa daga Bagadaza suka fito ba. Mu ne muka ɗora masa wannan kaya, kuma akwai waɗanda nauyin kayan yake dannewa har yau.

Labarin a taƙaice

Ruwayoyin suna da saɓani, amma abin da aka fi ji shi ne wannan. Bayajidda, wanda wasu ke kira Abu Yazid, ya ɓata da mahaifinsa sarkin Bagadaza, ya fito da rundunarsa har ya iso Borno. Sarkin Borno ya aura masa 'yarsa, sannan ya yi ta dabarar raba shi da mayaƙansa. Da ya ga ana shirin hallaka shi sai ya gudu yamma. Ya bar matar da juna biyu a Garun Gabas, kusa da Haɗeja ta yau, inda ta haifi ɗan da ya zama sarkin Biram. Ya biya ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya isa Daura da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce masa ai a garin nan ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, domin wata macijiya da ake kira Sarki ta tare rijiyar Kusugu. Ya ari guga ya tafi rijiya, ya sare kan macijiyar, ya ɓoye shi. Da gari ya waye Magajiya Daurama ta sa aka yi shela cewa wanda ya yi wannan aiki za ta ba shi rabin gari. Maƙaryata suka yi ta kawo kawunan wasu macizai ba su dace ba, har baƙo ya fito da na gaskiya. Ya ce shi ba rabin gari yake so ba, ita yake so da aure.

Daurama ta ba shi baiwarta, Bagwariya, a matsayin ƙwarƙwara. Bagwariya ta riga ta haihuwa, ta sa wa ɗanta suna Karɓagari. Daga baya Daurama ta haifi nata, ta kira shi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka mulki Daura, Katsina, Kano, Rano, Zazzau da Gobir, aka haɗa da Biram suka cika bakwai. Zuriyar Karɓagari kuwa aka ce su suka kafa Banza Bakwai, waɗanda aka fi lissafawa da Zamfara, Kebbi, Yawuri, Nupe, Gwari, Kwararrafa da Yarabawa.

Abin da baƙon ya tarar

Mai karatu ya sake bin tafiyar nan zango zango, ya ƙidaya abin da yake nan kafin jarumin ya iso. A Gaya akwai maƙera, kuma ƙira ba sana'ar mutum ɗaya ba ce: tana buƙatar masu haƙo tama, masu ƙona gawayi, masu zuga, da masu sayen abin da aka ƙera. Lura da cewa ɗan sarkin da ya baro Bagadaza da runduna bai kashe macijiyar da takobin Bagadaza ba, da ƙarfen Gaya ya kashe ta. A Daura akwai gari, akwai rijiya da aka haƙa, akwai fada, akwai sarauniya da ke da ikon raba gari biyu ta bayar, akwai mai shela, akwai bayi. Al'adar Daura da kanta tana riƙe da jerin sunayen magajiyoyi mata da suka yi mulki tun daga Kufuru, kuma tana cewa a Tsohon Birni aka fara zama kafin a dawo inda garin yake yanzu.

Sai kuma harshe. Fassarar da Hausawa suka fi yi wa sunan jarumin ita ce "ba ya ji da", wato a da ba ya jin maganar mutanen garin. Ko wannan fassara ita ce asalin sunan ko ba ita ba ce, ta nuna yadda masu ba da labarin suke kallonsa: baƙo ne da ya zo ya tarar ana Hausa, shi bai iya ba. To ta yaya wanda aka yi wa laƙabi da rashin jin Hausa zai zama tushen masu Hausar?

Tarihin Kano ma haka yake tafiya. Bai fara da Bagauda ba. Ya fara ne da mutanen da ke zaune a gindin Dala, da shugabansu Barbushe, da abin bautarsu Tsumburbura. Bagauda, wanda bisa lissafin da aka saba bi ya hau mulki a shekarar 999, zuwa ya yi ya tarar da su. A duka wuraren biyu, maganar da ake yi ta zuwan sabon gidan sarauta ce a kan jama'ar da take nan tun tuni. Tambayar da labarin yake amsawa ita ce, wa ya cancanci ya mulki garin nan, kuma don me? Mu kuma muka je masa da wata tambaya daban, wato daga ina talakan garin ya fito, muka karɓi amsar waccan muka liƙa wa wannan.

Rikicin da ke cikin sunaye

A ganina ba a bakin rijiya labarin ya fi zafi ba. Kashe dodo abu ne da jarumai ke yi a tatsuniyoyin duniya. Inda gwanintar masu saƙar ta fito shi ne a cikin gida, tsakanin mata biyu da miji ɗaya. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san habaicin kishiyoyi, wanda akan yi shi da waƙar daka ko niƙa, ko da sunan da za a laƙaba wa yaro ko akuya. Bagwariya ta ce Karɓagari, ma'ana gari ya zama namu. Daurama ta mayar mata da martani da Bawo, wanda ake fassarawa da a bayar da gari a maido wa masu shi. A cikin kalmomi biyu an ba da labarin juyin mulki da murƙushe shi, ba a zare takobi ba.

Yanzu a duba abin da wannan ke nufi. Karɓagari da Bawo ubansu ɗaya. In da jinin Bagadaza ne abin tinƙaho a labarin, da su biyun daidai suke, har ma Karɓagari ya fi, tunda shi ne babba. Abin da ya raba Hausa Bakwai da Banza Bakwai uwa ce. Bawo ya gaji gari ne saboda garin na uwarsa ne. Biram ma ta shiga sahun bakwai na farko ne ta hanyar ɗan da 'yar sarkin Borno ta haifa. Ke nan a ma'aunin labarin kansa, Hausancin gidajen sarauta shida daga Daurama ya gangaro, ba daga baƙon ba. Mun ɗauki labarin da ya kafa hujjarsa a kan uwa, mun mai da shi labarin uba.

Akwai kuma wani abin lura. A shari'ar Musulunci ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, yana gado kamar kowane ɗa. A Bagadaza ɗin da ake cewa Bayajidda ya fito, halifofin Abbasiyawa da yawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne. Mansur, wanda ya gina birnin a shekarar 762, uwarsa baiwa ce. Haruna Rashid uwarsa Khaizuran a baiwa ta shigo fada, haka ma uwar ɗansa Ma'amun. A masarautunmu ma sarakuna nawa ne 'ya'yan sa-ɗaka? Don haka kiran zuriyar Bagwariya "banza" bai fito daga addini ba, bai kuma fito daga al'adar Bagadaza ba. Magana ce ta siyasa, irin wadda fada ke yi idan tana so ta ja layi tsakanin na ciki da na waje.

Kowa da nasa baƙon gabas

In muka ɗaga kai muka dubi maƙwabta, za mu ga ba mu kaɗai muke da irin wannan kaka ba. Sarakunan Sefawa na Kanem da Borno sun danganta kansu da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman. A Tarikhus Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi ya rubuta a ƙarni na 17, an ce sarautar Songhai ta fara ne da wani baƙo daga Yaman da ya iso Kukiya ya kashe wani kifi da mutanen garin ke bauta wa, suka naɗa shi sarki. A canza kifi da macijiya, a canza kogi da rijiya, labarin Kusugu ya fito. Gidan Keita na Mali ya jingina da Bilal, ladanin Manzon Allah (SAW). Malaman Fulani sun ambaci Uƙba ɗan Nafi'u. Samuel Johnson, a littafinsa na tarihin Yarabawa da aka buga a 1921, ya kawo ruwayar da ta fito da Oduduwa daga Makka.

Ba zai yiwu a ce duk gidajen sarautar Afirka ta Yamma wani ɗan sarki ne daga gabas ya yi fushi ya fito ya kafa su ba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne, bayan Musulunci ya kafu a fadoji, gabas ta zama alƙibla ta salla da ta daraja, sai kowane gida ya nemi igiyar da za ta ɗaure shi da can. Labarin Kusugu ma ya bar sawun wannan gyara a jikinsa. Garin da ake cewa macijiya ce ke iko da ruwansa, me ya haɗa shi da ranar Juma'a? Bakin da ya sa Juma'a a labarin bakin Musulmi ne, yana ba da labarin zamanin da ya gabace shi da kalmomin zamaninsa.

Labarin kuma yana sauya kama gwargwadon mai riƙe da shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, ya kawo ruwayar da ke cewa Bawo bawan sarkin Borno ne, kuma ya keɓe Gobirawa ya ce su 'ya'ya ne da asalinsu ke komawa ga Ƙibɗawan Masar. A wannan ruwaya babu ɗan sarkin Bagadaza. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya ji maganar bakwai biyun ya rubuta. Da Turawan mulkin mallaka suka zo, sai labarin ya faɗa hannun mutanen da suka riga suka yi imani cewa baƙar fata ba ya kafa daula da kansa, duk inda aka ga tsari to wani mai hasken fata ne ya kawo shi daga arewa ko gabas. H. R. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano a 1908, ya kuma wallafa tarin ruwayoyinsa a 1928, yana cikin masu wannan kallo. Labarin baƙon da ya zo ya ceci gari ya yi musu daidai kamar an auna, domin su ma haka suke ganin kansu.

Daga nan aka shiga neman Bayajidda a littattafan tarihin Larabawa, aka tsaya a kan Abu Yazid, ɗan tawayen da ya yaƙi Faɗimiyawa a Arewacin Afirka, aka kashe shi a 947. W. K. R. Hallam ya faɗaɗa wannan ra'ayi a 1966. Amma shi wannan Abu Yazid ɗin Barbar ne daga ƙabilar Zanata, malami ne da aka fi sani da laƙabin mai jaki, ba ɗan sarki ba ne, kuma can ya mutu. Kamannin suna kaɗai ba ya zama nasaba. A 1970 Abdullahi Smith ya juya tambayar gaba ɗaya, ya nuna cewa daulolin Hausa girma suka yi daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, a wuraren da ke da ƙasar noma da tama da hanyoyin fatauci da duwatsun da ake girmamawa irin su Dala da Kufena. Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya a nazarinsa na Katsina. Fiye da shekara 50 ke nan da wannan aiki, amma har yau bai sauko daga jami'a zuwa ajin firamare ba.

Shaidar da ba ta da ubangida

Ruwaya tana da mai ita, kuma mai ita yana da buƙata. Harshe kuwa ba ya yi wa kowa fadanci. Masana sun tabbatar cewa Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi, waɗanda suka haura 150, kuma 'yan'uwanta na kusa suna nan kewaye da ita: Gwandara, Bolanci, Karekare, Ngizim, Bade, Angas, Tangale. Kalmar "huɗu", alal misali, tana da takwarorinta masu kama da ita a Bolanci da Ngizim. Gaskiya ne akwai dangantaka ta nesa tsakanin harsunan Cadi da Larabci, amma rabuwarsu ta girmi Bagadaza da dubban shekaru. Kalmomin Larabci da ke cikin Hausa, irin su littafi, alƙalami, alƙali, labari, lokaci, ashirin da talatin, na makaranta ne da kotu da kasuwa. Ruwa, wuta, ido, baki, uwa, ɗaya, biyu, uku, ba a aro su ba. Kafin "talatin" ta shigo, kakanninmu "gomiya uku" suke cewa. Ƙasa ma ta ba da tata shaidar: gwajin da aka yi wa burbushin narka ƙarfe a Dala ya kai wajen ƙarni na 7.

Wani abin sha'awa shi ne, harshen ya gaskata wani ɓangare na labarin da ba mu cika kula da shi ba. Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomi irin su karatu, rubutu da kasuwa ta hanyar Barebari suka shigo Hausa. Sarautun Galadima, Ciroma da Yarima daga Borno suke. Ashe zangon Borno, wanda muke wucewa da sauri don mu isa rijiya, shi ne ya fi kowane zango nauyi a ma'aunin tarihi. Labarin yana tuna cewa gidajen sarautar Hausa sun yi hulɗa mai tsawo da Borno, hulɗar da ta haɗa suruktaka da tsoro da neman 'yanci. Wannan ilimi ne na gaske da ke cikinsa, kuma ƙyallin Bagadaza ne ya rufe mana ido ba mu gan shi ba.

Yadda labari ke rikiɗa ya zama sani

Bahaushe bai taɓa ruɗewa da tatsuniya ba, domin tana zuwa da shaidarta a goshi. Ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", ana rufe ta da "ƙurunƙus", har mai bayarwa ya amsa cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Yaro ya san ya shiga wata duniya, ya kuma san lokacin da ya fito. Tarihihi, wato labarin da ya gauraya tarihi da ƙage, ba shi da wannan ƙofa. Yana ambaton garuruwan da ka sani, yana nuna maka rijiyar da za ka iya leƙawa ka sha ruwanta. Dattijo ne ke ba da shi a fada da rana, ba kaka a tsakar gida da dare ba. Da aka zo aka rubuta shi da boko, aka sa shi a manhajar makaranta, aka yi jarrabawa a kansa, sai saɓanin ruwayoyi ya ɓace, ruwaya ɗaya ta rage, wadda ake ba ta maki.

Intanet ta ƙara wa abin ƙarfi. Ka nemi asalin Hausawa, shafuka masu yawa za su fito maka da magana ɗaya, wani lokaci da jimloli iri ɗaya, kowa ya kwafo daga wani. Manhajojin da ke amsa tambaya su ma daga waɗannan shafuka suke koyo, sai su maimaita maka da cikakkiyar natsuwa. Duk mai aiki da kwamfuta ya san cewa in ka kwafi fayil ɗaya sau dubu, ba ka sami shaidu dubu ba, kuma kuskuren da ke cikin na farko yana cikin na dubun. Malaman hadisi sun riga mu sanin wannan. Ba yawan masu faɗa suke ƙirgawa ba, isnadi suke bi su ga ko hanyoyin sun rabu tun daga tushe ko duk a kan mutum ɗaya suka haɗu. Abin mamaki ne a ce al'ummar da ta gaji wannan ilimi ba ta taɓa tambayar isnadin labarin asalinta ba.

Abin da muke biya

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Labari ne mai daɗi, a bar mutane da abinsu. Amsa ita ce a tambayi yaron da ke aji a Birnin Kebbi ko Gusau, wanda Hausa ce harshen uwarsa da kakarsa, an sa shi ya tashi ya rera cewa ƙasarsa banza ce. Kebbi ɗin da Kanta ya gina Surame a cikinta, ya tsaya wa Songhai a ƙarni na 16, ita ce banza, alhali Biram, wadda ba ta taɓa zama babbar daula ba, tana cikin na ƙwarai. A tambayi yarinya Bagbagyiya da ke zaune a benci ɗaya da 'ya'yan Hausawa, tana jin cewa a labarin nan kakarta baiwa ce da ko suna ba a ba ta ba, da sunan ƙabilarta kawai ake kiranta. Nupe da Kwararrafa da Yarabawa kuwa suna da harsunansu da tarihinsu, ba su aiko a sa su a zuriyar kowa ba.

Na biyu, karatun da muke yi wa labarin ya koya mana cewa gyara daga waje yake zuwa. Gari guda ya zauna da ƙishirwa, ba wanda ya iya komai, sai da baƙo ya zo. Wanda ya sha wannan tun yana yaro ba zai yi mamaki ba in ya girma ya ji ana cewa sai wani ya zo daga wata ƙasa ya haƙa mana rijiya. Amma labarin bai ce mutanen Daura ragwaye ne ba. Macijiyar da ake kira Sarki, wadda ake bin dokarta, ta fi kama da abin tsafi da gari ke girmamawa, kuma irin wannan sai wanda ba ya cikin alkawarin ne ke iya taɓa shi. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji Hausawa, amma a nan rashin sanin baƙo ne ya ba shi ƙarfin hali.

Na uku, mun manta da matan. Za ka ji mai ilimi yana rantsuwa cewa mace ba ta taɓa mulki a ƙasar Hausa ba sai dai Amina ta Zazzau, alhali labarin da ya haddace tun yana yaro da sarautar mata ya fara, kuma sarautun Magajiya da Iya da Inna ba daga sama suka faɗo ba.

Na huɗu kuma shi ne abin da ke faruwa yanzu a Facebook da TikTok, inda gardamar asali ta zama wuta. Wani ya ɗauki Bayajidda ya ce shi Balarabe ne. Wani ya ɗauke shi ya ce ai Hausa ba ƙabila ba ce, tarkacen baƙi ne. Wani kuma ya yi fushi ya ce duk labarin ƙarya ce da maƙiya suka ƙirƙira, a jefar da shi. Dukkansu sun yarda da abu ɗaya, cewa labarin takardar haihuwa ce, sai dai su yi musu a kan ta gaske ce ko ta jabu.

Ba a rage wa Daura komai ba

Na san akwai wanda zai ji wannan magana kamar an taɓa martabar Daura. Rijiyar Kusugu tana nan, ana zuwa daga nesa a gan ta, fada tana adana kayan tarihinta, ana Sallar Gani kowace shekara. Babu abin da na faɗa da ya rushe ko ɗaya daga ciki. Rijiyar shaida ce cewa garin tsoho ne kuma ruwansa yana da tarihi, amma ba ta da bakin da za ta faɗi garin da wanda ya sare macijiya ya fito. Karatun da nake kira a yi ma ƙara wa Daura girma yake yi. A karatun da aka saba, Daura masauki ce da wani babban baƙo ya yada zango. In aka bi labarin yadda yake, ita ce mai gida, ita ta ba da ruwa da aure da gari, kuma ta wurinta 'ya'yan suka sami sunan da suke alfahari da shi.

Saboda haka ba cewa nake yi a cire labarin daga makaranta ba. A koyar da shi a darasin adabi, tare da ruwayar Muhammadu Bello da ta kifin Kukiya a gefensa, a bar yara su gano da kansu abin da ya sa suka yi kama da inda suka saɓa. A darasin tarihi kuma a ba su Dala da Kufena da Surame da harsunan Cadi. Kalmar "banza" kuwa, in za a faɗe ta, a faɗa wa yaro wanda ya raɗa ta da dalilinsa.

Ga marubutanmu kuma, ga fili nan ba a nome ba. An yi ta maimaita tafiyar jarumin a wasan kwaikwayo da littattafan yara, kullum daga bayan dokinsa ake kallon duniya. Ina labarin Ayana, tsohuwar da ta buɗe wa baƙo ƙofa da dare, ta ba shi guga alhali ta san dokar gari? Ina na maƙerin Gaya da ya ƙera wuƙa bai san abin da za a yanka da ita ba? Me Daurama ta lissafa a daren da ta gane cewa rabin gari ya fi aure arha, amma ta amsa auren? Kuma wane suna uwar Bagwariya ta raɗa mata kafin a kawo ta fada? Duk wanda ya zauna ya rubuta ɗaya daga cikin waɗannan zai tarar dole ya fara da garin da ke cike da mutane tun kafin baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa.